Wa Ke Da Dare? Tarihin Gani Cikin Duhu, Daga Ganuwar Birnin Kudu Zuwa Na'urar Dijital

Bayan girbin bara, kawuna, wanda yake cikin kwamitin 'yan sintiri na ƙauyensu a tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ya turo mini hoton wata na'ura da aka tallata masa a waya. Kamarta ɗaya da madubin hangen nesa, sai dai mai tallar ya ce da ita ana ganin mutum a cikin duhun da ko tafin hannu ba a gani. An kore musu shanu sau biyu a daminar, kuma kwamitin na shawarar a yi karo-karo a saya. Tambayarsa gajeriya ce: "Ɗana, wannan abu gaskiya ne ko cin kuɗi ne?"

Na ce masa, "Kawu, gaskiya ne, amma ka ba ni kwana biyu." Dalilina shi ne amsar ta fi ƙarfin i ko a'a. Kuɗin da za a tara gumin manoma ne, kuma kuskure cikin dare yana iya zama ran mutum. Hausawa sun yi wa dare kirari biyu masu karo da juna: sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu. Tarihin wannan yanki, ta wata fuska, tarihin ja-in-ja ne a kan wanne daga cikin biyun zai tabbata. Na'urar da aka tallata wa kawu sabon babi ce a tsohon labari, kuma wanda ya san labarin zai fi sanin abin da zai saya.

Zamanin da kunne ya fi ido

A ƙarni na 19, Birnin Kudu da Gwaram suna bakin iyakar ƙasar Kano ta kudu maso gabas, suna fuskantar duwatsun Ningi. Wajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa bayan saɓani da masarautar Kano kan haraji, suka shiga duwatsun, suka zauna cikin Butawa da Warjawa da maƙwabtansu. Daga nan aka sami wata daula mai ƙarfin yaƙi, wadda a zamanin shugabanni irin su Ɗan Maje da Haruna ta riƙa kai hare-hare cikin ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau, tana kwasar mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya shafe shekaru masu yawa na mulkinsa yana fama da wannan iyaka. Masanin tarihi Adell Patton ya yi dogon bincike a kan Ningi da waɗannan yaƙe-yaƙe. Ba a sami sauƙin al'amarin ba sai da Turawan Ingila suka ci Ningi a 1902, suka ci Kano a 1903.

Dabarar mahari a ko'ina ɗaya ce: ya yi tafiya cikin duhu, ya faɗa wa gari da asuba. Mutanen wancan zamani ba su da abin da za su huda duhun da shi, don haka suka gina tsaronsu a kan abubuwan da ba su buƙatar haske. Suka kewaye gari da ganuwa da gwalalo da sarƙaƙiyar ƙaya. Suka taƙaita shiga da fita a ƙofofi ƙalilan, ana rufe su da almuru, kowace da mai tsaronta. Dabbobi su kwana cikin gari. Haushin kare, da kukan tsuntsun da aka tayar daga barci, da kuwwa, da ganga, su ne suke sanar da mutane abin da ido bai gani ba. Baƙo kuwa sai ya sauka ta hannun mai unguwa, domin a san ko wane ne ya kwana a gari.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsari na rashin wayewa ne. Shi tsari ne da ya yarda cewa ba a ganin mai zuwa, saboda haka ya mayar da hankali ga rage hanyoyin shigarsa, da saurin tashin gari in ya iso, da sanin na gida daga baƙo. Ko duwatsun Birnin Kudu suna tuna mana matsayin sauti a rayuwar mutanen da. A 1955 Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya bayyana wa duniyar ilimi duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, kusa da kogunan da ke ɗauke da tsofaffin zanen shanu irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude.

Agogon dare kuma shi ne wata. Da farin wata ake wasa a dandali, ake tafiya, ake sussuka. Ƙarshen wata, lokacin da duhu ya yi kauri, shi ne lokacin da mai garke yake rage barci.

Ido da fitila

Idon ɗan Adam ba makaho ba ne da dare, sai dai yana da sharaɗi. A bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Iri ɗaya na rana ne, shi ke rarrabe launi. Ɗayan na duhu ne, ba ya ganin launi, amma yana kama ɗan ƙaramin haske. Wannan na biyun yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya kai ƙarfinsa, kuma haske mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan yana rushe wannan shiri. Sinadarin da yake aiki da shi daga bitamin A jiki ke haɗa shi. Shi ya sa ƙarancin bitamin ɗin ke kawo dundumi, shi ya sa kuma hanta ke maganinsa. George Wald na Amurka ya sami kyautar Nobel a 1967 saboda bayanin wannan sinadari. Tsofaffin maharba ba su san sunansa ba, amma sun san cewa mai fakon dare ba ya kallon wuta.

Fitila ta zo da nata ciniki. Acibalbal mai man gyaɗa da lagwanin auduga tana haska ɗaki, ba ta haska daji. Kananzir da fitilar ƙwai, waɗanda suka yaɗu a zamanin Turawa, sun ba mutum damar ɗaukar haske ya fita da shi ba tare da iska ta kashe ba. Daga baya tocila mai batir ta shigo, maharba kuma suka sami fitilar goshi. Wannan ta ƙarshe ta canza farauta ƙwarai, domin dabbobi da yawa suna da wani shimfiɗi mai ƙyalli a bayan idonsu wanda ke mayar da haske. In an haska gada ko zomo, idanunsa su yi ƙyalli, ya tsaya cak. Ɓarnar da wannan dabara ta yi wa namun daji a Afirka ta kai har yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Landan a 1933 kan kare dabbobi da tsirrai ta nemi a hana farauta da fitila mai kashe ido.

Amma duk fitila, daga acibalbal har zuwa tocilar zamani mai caji, aibinta ɗaya ne. Mai riƙe da ita yana ganin taku ashirin ko hamsin a gabansa, shi kuwa ana hango shi daga nesa mai yawa. Ga mai gadi, haska tocila sanarwa ce ga ɓarawo: ga ni nan. Abin da sojojin duniya suka shafe ƙarni na 20 suna nema shi ne hanyar gani ba tare da an gan su ba.

Hasken da ido ba ya gani

Mafarin hanyar ya girmi wutar lantarki. A 1800, William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku zuwa launukan bakan gizo, ya sa ma'aunin zafi a kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a wurin. Shi ne ake kira infirared. Idonmu yana ganin haske mai tsawon zango daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Abin da ya haura haka yana nan, mu ne ba mu da idon ganinsa.

Sai a shekarun 1930 aka sami bututun da ke juya wannan ɓoyayyen haske zuwa hoto. Masu bincike a kamfanin Philips na Holan, ƙarƙashin Gilles Holst, sun bayyana irinsa a 1934, kamfanin AEG a Jamus da RCA a Amurka kuma suka bi sahu. Yadda yake aiki shi ne: haske ya faɗa kan wani faranti, farantin ya saki ƙwayoyin lantarki, a ja su da ƙarfin wuta su bugi wani allo mai ƙyalli, hoto ya fito.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi fagen fama. Jamusawa sun ɗora irin wannan na'ura a kan wasu tankokinsu, kuma a 1945 sun fito da wadda ake ɗorawa a kan bindiga, mai suna Vampir, wadda sojan da ke amfani da ita sai ya goya batura masu nauyin fiye da kilo 10. Amurkawa sun yi amfani da tasu a tsibirin Okinawa a shekarar, ko da yake ganinta bai kai mita 100 ba. Dukkansu suna tafe da babbar fitilar infirared. Ma'ana, tocila ce dai, sai dai wadda ido ba ya gani. Ranar da abokin gaba ya sami irin na'urar, tsohon aibin ya dawo: mai fitila ya zama abin hari.

A yaƙin Biyetnam, cikin shekarun 1960, Amurka ta fito da na'urar da ba ta buƙatar fitila. Tana tattara ɗan hasken wata da taurari ta ninka shi sau dubu ko fiye. A shekarun 1970 aka ƙara wani siririn faranti mai miliyoyin ƙananan ramuka, wanda ke ninka ƙwayoyin lantarkin kafin su isa allo, sai na'urar ta ƙanƙance har ana ɗaura ta a fuska. A shekarun 1980 aka sake inganta farantin karɓar hasken, ninkin ya kai sau dubu 30 zuwa 50. Koren launin da aka san hoton da shi zaɓi ne aka yi, domin ido ya fi rarrabe matakan haske a kore.

Mutanen duniya da yawa sun fara ganin wannan koren hoto ne a watan Janairun 1991, lokacin da gidajen talabijin suka nuna sararin Bagadaza ana ruwan wuta a yaƙin Tekun Fasha. A ranar 27 ga Agustan shekarar aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. A lokacin, tsakanin mai gadin shanu a Gwaram da irin wannan na'ura akwai nisan sama da ƙasa. Har yau ma mafi ingancinta tsada gare ta ƙwarai, kuma dokar Amurka ta tsaurara fitar da ita waje.

Yadda ta sauko kasuwa

Wadda aka tallata wa kawu ba daga wannan zuriya ta fito ba. 'Yar gidan kyamara ce. A 1969, Willard Boyle da George Smith na cibiyar bincike ta Bell Labs suka ƙirƙiro ɗan guntun silikon da ke juya haske zuwa bayanan lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. A farkon shekarun 1990, Eric Fossum da abokan aikinsa a wata cibiyar hukumar NASA suka fito da wani salo mai arha da ƙarancin cin batir. Shi ne idon kyamarar kusan kowace waya a yau.

Silikon yana da wata baiwa: yana ganin haske har zuwa wajen nanomita 1,100, wato yana shiga cikin infirared. Masu ƙera kyamara sukan sa wani gilashi ya tare wannan ɓangare don kada launin hoto ya lalace. In an cire gilashin, aka haɗa da ƙaramar fitilar infirared da ɗan allo da mutum zai leƙa, an sami na'urar hangen dare ta dijital. Mai karatu na iya gwadawa a gida: ya nufi kyamarar waya da rimot ɗin talabijin ya danna maɓalli. A wayoyi da yawa zai ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allo, alhali idonsa bai ga komai ba.

Yawan wayoyin da ake ƙerawa ya karya farashin waɗannan kayayyaki, shi ya sa abin da a da sai rundunar soja yanzu ake tallarsa a WhatsApp. Sai dai a lura da wani abu: galibin masu arhar ba su iya ninka hasken taurari kamar bututun soja. A daren da babu wata, sun dogara ne ga fitilarsu. Ta fuskar dabara ke nan, sun koma matsayin na'urorin 1945, da ƙarfinsu da rauninsu.

Akwai kuma iri na uku da ake yawan rikita shi da wannan, wato na'ura mai ganin zafin jiki. Ita ba ta buƙatar haske ko kaɗan, tana nuna mutum ko dabba kamar farin tabo a cikin duhu. Ta fi iya gano cewa akwai wani abu, amma ba ta nuna fuska sosai, ba ta gani ta cikin gilashi, kuma ta fi tsada.

Abin da na faɗa wa kawu

Yankin bai manta da abin da dare ke iya kawowa ba. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga sun kai hari garin Gwaram cikin dare, suka faɗa wa ofishin 'yan sanda, aka yi asarar rayuka. A shekarar ce kuma sojoji suka shiga dajin Balmo da ke maƙwabtaka a Jihar Bauchi. Satar shanu da garkuwa da mutane sun sa ƙauyuka da dama a Arewa sun koma ga 'yan sintiri da maharba. Saboda haka ban ɗauki tambayar kawu da wasa ba. Ga abin da na ce masa.

Da farko, a tafi ta hannun hukuma. Kayan tsaro da yawa ba a shigo da su Nijeriya sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma mutumin da aka tare a shingen bincike da irin wannan na'ura cikin jaka zai sha tambayoyi. Kafin a biya ko sisi, kwamiti ya sanar da dagaci da hakimi da baturen 'yan sanda na yankin, a rubuce, a kuma ajiye na'urar a matsayin kayan kwamiti, da sunan wanda ya ɗauka kowane dare.

Na biyu, a koye ta da rana. Ba kamar bututun soja ba, ta dijital hasken rana ba ya lalata ta. Tana da wurin saiti biyu: a fara juya na wajen ido har rubutun da ke kan allo ya fito sarai, sannan a juya na gaba har abin da ake kallo ya fito. Da dare kuma a gwada ta a fili sananne: mutum ya tsaya a taku 50, sannan 100, sannan 150, a ga inda ake gane fuskarsa da inda ya zama inuwa kawai. Wannan gwaji ya fi lambar da aka buga a kwali gaskiya.

Na uku, a san fitilarta. Mai nanomita 850 ta fi kai wa nesa, amma bakinta yana yin ɗan ja kamar garwashi, wanda na kusa zai iya gani. Mai 940 kusan ba a ganinta, amma ganinta gajere ne. Ko wacce ce, ga wanda yake da irin na'urar a ɗaya ɓangaren, ta zama tocila. Kuma kasuwar da ta sayar wa mai gadi ba ta tambayi ɓarawo sana'arsa ba. A rage kunna ta, a yi amfani da farin wata in akwai. Ita ce kuma mai shanye batir, don haka a tanadi na canji.

Na huɗu, a san yanayinmu. Da hunturu, ƙurar hazo tana mayar da hasken fitilar cikin na'urar, kamar yadda take yi wa fitilar mota. Da damina, ganyen dawa da gero yana ƙyalli ƙwarai a infirared, sai na kusa ya yi fari fat, abin da ke bayansa ya nutse cikin baƙi. Wato a lokacin da shuka ta rufe gari, lokacin da aka fi buƙatarta, a nan ta fi rauni.

Na biyar, allonta haske ne, yana rushe shirin ido na minti 30 ɗin nan. A rage hasken allon, a leƙa da ido ɗaya, kada a yi tafiya ana leƙe domin abin da take nunawa ƙunci gare shi. Mai leƙe ya kasance da abokin da idonsa da kunnensa suke sake.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi jaddadawa. Ganin mutum daban, gane shi daban. A allon, makiyayin da ke neman ɓatacciyar saniya, da manomin da ya je ban ruwa a fadama, da mai kai matarsa asibiti a kan babur, da ɓarawo, duk farar inuwa ce iri ɗaya. Tocila aƙalla tana ba wanda aka haska damar cewa "ni ne wane". Wannan na'ura ba ta ba shi, domin bai san ana kallonsa ba. Saboda haka a kafa ƙa'ida tun kafin a saya: abin da aka gani a allo dalilin tayar da mutane ne da kiran jami'an tsaro, ba dalilin harbi ba. Yawancinsu suna ɗaukar bidiyo, wannan kuwa shaida ce da za a miƙa wa hukuma. Haka kuma a nufi daji da ita, kada a nufi gidajen mutane. Hanin da Suratul Hujurat ta yi game da binciken asirin jama'a bai faɗi ba don an sami sabon gilashi.

Kawu ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, ashe dai sai mun gyara shingen garke tukuna." Kwamitin ya raba kuɗin gida biyu. Kashi ɗaya ya tafi ga shinge da usur da katin waya na masu kwana a bakin gari. Ɗayan an ajiye shi, ana jiran amsar takardar da suka kai wa hakimi.